Masta Braimah da Motar Gawa

Masta Braimah bakanike ne daga zangon Kumasi, ya tsufa a ƙarƙashin motocin dizal a wani gareji a unguwar Tremont, can ƙasar Turawa. Mutum ne mai mita, kuma babu motar da ta sha mitarsa kamar motar gawa ta masallacinsu.

Ciwonta ɗaya ne kullum. Akwai wata 'yar na'ura, sensa, mai auna ƙarfin hayaƙin salansa ta wani siririn bututu. Motar dizal tana son gudu don ta ƙone dattin hayaƙinta, shi kuwa Abdulai direba ko za a yanka shi ba zai yi gudu da mamaci ba. Sai baƙin hayaƙi ya toshe bututun, fitilar gargaɗi ta kama, mota ta koma rarrafe.

"Ka taka ta mana, Abdulai! Na bayan ba zai yi complain ba."

"Masta, kunyarsu nike ji."

Da Nimatu, matar Braimah, ta rasu, a wannan motar aka sa ta. Maƙabartar tana New Jersey, kuma da la'asar ake rufe ƙofa. In suka makara, sai a mai da ita firjin asibiti ta kwana. Wannan ne Braimah ba zai iya jurewa ba, don Nimatu ko a gida ba ta shiri da sanyi.

Suna haye gada fitila ta kama. Abdulai ya gangara gefen titi. Braimah ya sauka da farar rigarsa, ya buɗe bonet, ya kwance bututun da zafinsa, ya zura waya, ya sa baki ya hura har dattin ya fita. Inji ya dawo hayyacinsa, suka isa ana shirin rufe ƙofa.

A bakin kabari liman ya ce, "Masta, bismilla, shiga ka karɓe ta."

Braimah ya miƙa hannuwansa, sai ya gan su baƙi ƙirin. Aka zuba masa ruwan gora, ya cuɗa, amma baƙin dizal ba ya jin ruwa. Ya dubi likkafanin fari fat, zuciyarsa ta karye. Ya juya ga Tajuddeen, ƙanen Nimatu.

"Kai ka shiga. Zan ɓata mata kaya."

Ya tsaya a gefe, hannuwansa a baya, yana kuka, wasu suka kwantar da ita.