Kamu Talatin da Uku a Panyu

Ana idar da sallar asuba muka fito daga masaukinmu a titin Liuhua, can ƙasar waje inda muka je saro kaya. Abokan tafiyata suka nufi kasuwar baje koli, ni kuwa na hau bas zuwa garin Panyu ni kaɗai, suna ta tsokanata wai mai yadi ya koma sojan sama.

Yayana ne ya ja min. Shekara ashirin yana gyaran jiragen soja kafin ciwon suga ya cinye masa ido ya kwantar da shi. Da zan taho ya ce shi ba ya son shadda. Tsarabarsa ɗaya: in nemo jirgin nan mai jefa bam da ke tsere wa ƙararsa, wanda sai ya wuce kake jin tsawarsa, in zo in gaya masa yadda yake. Bai taɓa sa hannu a kan irinsa ba. Aka ce min akwai wani tsoho da aka ajiye a Panyu.

Hanya duk masana'antu da kekuna. Awa biyu babu mai ce min ko sannu. Duk wanda na nuna wa zanen jirgin sai ya ce "meyo", wato babu. Dafaffen ƙwai biyu na ci, don ban yarda da yankan garin ba. Wallahi kewar gida ta kama ni har na ji ƙwalla.

Bayan azahar na sami jirgin a wani lambun shaƙatawa, tayoyi sun sace, tsuntsaye sun yi sheƙa a bakin injin. Tsohon mai gadi ya nuna min da yatsu cewa jirgin ya girmi ɗansa. Na ɗaga kyamara, sai na tsaya cak. Haba! Hoto ga makaho? Na naɗe hannun riga na auna shi yadda nake auna yadi, gwiwar hannu zuwa yatsa, daga hanci har wutsiya. Kamu talatin da uku. Mai gadi yana dariya, yana taya ni ƙirga da yarensu.

Da na iso Kano, tabarmi na tarar a ƙofar gida. Ashe jiya aka yi addu'ar ukun rasuwar Yaya.

Na dai koyi cewa mai tsaraba ba shi ke da lokaci ba. Da mutane suka watse na fara awo daga ƙofar ɗakinsa, na ratsa tsakar gida, na fita ta zaure. Kamu na talatin da uku ya ƙare a gindin darbejiyar da yake zama. Na tsaya a wurin na ce, "Yaya, iyakarsa ke nan."