Bikin da Muka Shirya wa Tsuntsaye

Ranar wata Asabar ce, cikin sanyin shekarar da ƙaramar hukuma ta rufe ɗakin koyon kiɗa na yara a unguwar Rusholme ta Manchester, wai gwamnati na tsuke bakin aljihu. Na ci kwat ɗina na zuwa coci, na hau jirgin ƙasa daga Birmingham zuwa Manchester don in ga jikata Rifkatu a kan dandamali. Su huɗu ne a wani ƙaramin zaure, uku da goge a kafaɗa, ita kuma ta rungume wani ƙato mai tsayuwa a ƙasa, cello suke ce masa. Ubanta Bulus, ɗana na fari, ya raɗa mini cewa sabon kiɗa ne, an tsara shi a kan littattafan wata marubuciya mai ƙaga labaran wasu duniyoyi, masu wata biyu da dodanni masu magana. Sai ya ƙara da cewa, "Baba, ka saurara da kyau, yau ne na ƙarshe. Jarrabawa ta matso, kiɗa kuma ba ya cika tukunya."

Aka fara. Ba ganga, ba mawaƙi, ba mai ba da umarni. Wannan ta ja tsirkiya kamar ƙofar da ta shekara ba mai, waccan ta amsa, sai duk su yi tsit suna kallon juna. Ni da na maimaita aji uku har malamin ya fara gaishe ni kamar abokin aiki, ban tsinci komai a takardar bayanin da aka raba ba. Amma kunnena ya gane abin. Ai na taɓa yin wannan kiɗan, a gonar dawa.

A garinmu, idan dawa ta fara nuna, korar tsuntsu aikin yara maza ne. Akan kafa doguwar rumfa a tsakiyar gona, a ja igiyoyin rama zuwa kowace kusurwa, a rataya musu gwangwanaye da sakaina. Tun da safe kana sama da ɗumamen tuwonka, da ka hango tsuntsayen jan-baki sun taso kamar hayaƙi sai ka fizgi igiya ka kwarma ihu. Gonakinmu a jere suke: tamu, ta su Tanko, ta su Yohanna, da ta su Audu. A bakin rafi kuma akwai Baba Soja, tsohon da ya dawo daga yaƙi da ƙafa ɗaya da labarai cike da baki. Shi ya gaya mana cewa bayan gajimare akwai garin da mutanensa ba su da harshe, da ƙara suke zance, tsuntsayen nan kuwa 'yan aikensu ne. Yakan ce, "Mai ihu ba ya jin amsa."

Ni ne ja'irin da ya ce to mu yi musu magana mana. Na lura gwangwanin madara da na tumatir ba muryarsu ɗaya ba, igiya kuma in ta ɗame tana kuka idan ka goga mata kara. Na ɗaga siririn ɓawon karan dawa, na tokare shi da tsinke, ga molo ya samu. Ni in fara, Tanko ya amsa daga nesa, Yohanna ya shigo da sarewar reshen gwanda, Audu ya jira sai mun yi shiru sannan ya girgiza sakainarsa. Ba shugaba a cikinmu, kunne ne sarki. Ihu kam muka manta da shi.

Tsuntsaye suka ji daɗi, suka saba, suka gayyato dangi, suna ci muna yi musu kiɗa. Ranar da mahaifina ya zo ya tarar da zangarniya fayau, ya ɗaga kai ya dube ni. "Na aike ka kora, ka shirya musu biki!" Ya tsinke igiyoyin, ya karya molon a gwiwarsa, ya yanko tsumagiya. A shekarar mun ci rogo har ya fita ranmu. Washegari, ina zama da gefe ɗaya, na ɓare wani karan.

Ina cikin wannan tunanin 'yan matan suka sake yin tsit, sai na ji bakina ya ce, "Amsa musu, amaryata!" Turawa suka waiwayo, Bulus ya nutse cikin kujera. Da aka tashi Rifkatu ta zo da Hausarta mai ƙamshin Manchester. "Kaka, ba a magana a tsakiya!" Amma dariya take yi. Bulus ya miƙa hannu zai karɓi cello, na riga shi. Na ce, "Kakanka ya karya nawa, shi yana da hujja, dawarsa aka ci. Kai me ta ci maka?" Na goya abin a baya har bakin titin Wilmslow, ina haki.

Yanzu duk Asabar Rifkatu tana zuwa ɗan gidana a unguwar Edgbaston ta Birmingham ta yi ta ja, maƙwabcina ya yi ta dukan bango, ni kuwa na ɗauke shi a matsayin Audu. Tanko da Yohanna sun riga mu gidan gaskiya, gonakin an ce duk gidaje ne, tsuntsayen ma ban san inda suka koma ba. In ta yi shiru, har yau nakan kasa kunne ko wani zai amsa daga nesa.