Barau da Gadar Igiya

Duk wanda ya yi ƙuruciya a Jahun kafin wayar hannu ta gama gari ya san shagon Barau na bayan tasha. Ɗan tsukukun shago ne: benci biyu, talabijin mai ƙaton ƙeya, da injin gem da ya sayo na hannu a Kano. Faifan ƙwallo ne ke kawo masa ciniki, amma abin da ya sa har gobe ake ambaton sunansa wani faifai ne da aka haɗo masa kyauta, don mai sayarwar ya rasa wanda zai ɗauka. Rubutun cikinsa kaf na mutanen Japan ne, kuma duk Jahun babu mai karanta ko harafi ɗaya.

Barau ɗan Aujara ne, ɗan manoma, kuma tun yana yaro bakinsa bai san hutu ba. Da ya ga babu mai karanta labarin, sai ya ɗinka masa nasa. Yaron cikin gem ɗin, mai takobi a baya da fitila a hannu, ya raɗa masa suna Ɗan Fitila. Wai wani dodo ne ya shanye kogin garinsu ya gudu da shi bayan dutse, gero ya bushe a tsaye, shi ne yaron ya fita biɗo ruwa. Zai ratsa daji, ya gaida wata tsohuwa a bakin rijiya, ya tsallake wata gadar igiya mai lilo, sannan ya shiga kogo. Duk maganar da ta fito, Barau ne tafinta. Yau tsohuwa ta ce kaza, gobe ta ce wani abu daban, kuma ba a taɓa samun mai musu ba.

Matsala ɗaya ce, ba su taɓa ganin ƙarshen labarin ba. Da an ɗauke wuta, ko man janareta ya ƙare, Ɗan Fitila ya koma ƙofar gidan uwarsa, a sake daga farko. Ko da wuta ta zauna, Barau ba ya wasa da salla. Ladan na ɗaga murya zai danna maɓalli ya kashe inji, ko da takobi na kan wuyan dodo ne, yara su fita suna gunaguni. Ga gadar nan kuma, katakonta ya ɓalle a wurare da dama, sai an yi tsalle daidai lokaci. Yawancin yara a nan suke faɗawa rami, don haka da sun iso bakinta sai su cusa wa Barau abin riƙewar, wanda suke kira fad, su ce, "Oga, tsallakar da ni." Haka ya yi shekaru yana tsallaka gadar nan safe da yamma, babban yatsan hagu na tuƙi, na dama na tsalle, har ya kai yana yi yana hira da mai rake.

Da wayoyi suka cika gari, kowane yaro da gem a aljihunsa, shago ya mutu. Barau ya koyi gyaran waya, ya koma Dutse, ya kama rumfa a Takur, ya auri Lauratu, suka haifi Raihana. Injin ya shiga kwali ya hau saman sif. Amma yaran da suka zauna a bencinsa sun tafi da labarin. Har yau a cikinsu idan matar wani ta sauka lafiya, ko wani ya gama jarrabawa, za ka ji an ce ya tsallake gadar igiya, baƙo ya yi ta mamakin wace gada ce.

Wata safiya yana alwala buta ta suɓuce daga hannunsa. Hawan jini ne ya yi masa sata, ɓarin dama ya shanye. Bayan jinya ƙafa ta dawo, baki ya dawo, wanda Lauratu ta ce dama shi ba ta taɓa shakkar dawowarsa ba. Hannun ne ya ƙi. Ma'aikaciyar gashin ƙashi a asibiti ta ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa. Sai ya zuba wa yatsun ido, ya umarce su, ya lallashe su, ya zage su, suna kwance kamar ba nasa ba. Mai gyaran waya kuwa da hannu ɗaya ko murfi ba zai buɗe ba.

Yayansa Abdulwahab ya zo daga Aujara ya zauna kusa da shi. "Barau, idan kaka ta yi hannun nan bai tashi ba, ka saki rumfar ku dawo gida. Ga ɗaki, ga hatsi. Ba za ku wulaƙanta ba ina raye."

"To, Yaya," ya ce. Ya san ƙauna ce ta sa aka faɗa, amma maganar ta soke shi. Ya hango kansa a gindin bishiya ana miƙo masa kwano, mutumin da tun bai yi gemu ba yake ci da kansa. Tsoro ya kama shi sosai, ya daina ko taɓa ƙwallon robar.

Mai kai shi asibiti Misbahu ne, ɗaya daga cikin yaran shagon, yanzu magidanci mai tuƙa adaidaita. Wata rana da hantsi ya dawo da shi gida, ya tsaya shan ruwa, yake cewa 'ya'yansa sun dame shi sai ya gaya musu ko Ɗan Fitila ya samo kogin. Raihana, wadda ta girma tana jin labarin ba ta taɓa ganin gem ɗin ba, ta taka kujera ta sauko da kwalin. Aka kaɗe ƙura, Misbahu ya yi ta fama da wayoyi, sai ga kiɗan nan ya tashi. Barau ya kau da kai don kada a ga idonsa.

Misbahu ya ratsa daji, ya gaida tsohuwa, ya iso gada, ya faɗa rami. Ya sake, ya faɗa.

"Kai Misbahu, har ka yi furfura ba ka iya ba?" in ji Barau daga kan tabarma. "Ka jira igiyar ta dawo mana!"

Misbahu ya sake faɗawa. Haushi ya kama shi, ya manta shekaru, ya manta ciwo, ya cusa fad a cinyar Barau. "Oga, tsallakar da ni."

Lauratu ta watsa wa Misbahu harara, shi kuwa ya rasa inda zai sa kansa. Raihana ce ta durƙusa ta ɗauki hannun babanta na dama ta ɗora a kan fad, ta gyara babban yatsan a kan maɓalli. Barau bai dubi hannun ba, don idonsa na kan igiya. Yatsan hagu ya tura, Ɗan Fitila ya hau gada, ya zo inda katako ya ɓalle, ya yi tsalle.

"Baba!" Raihana ta ƙwala. "Wa ya danna?"

Kafin a ba ta amsa Ɗan Fitila ya sake tsalle, kuma wannan karon kowa ya ga yatsan ya lotsa. A gaba kaɗan Ɗan Fitila ya faɗa rami, amma ba wanda ya kula da shi. Lauratu ta zauna daɓas tana hamdala tana kuka. Barau ya ce a miƙo masa ƙwallon robar nan.

Hannun bai dawo rana ɗaya ba, kuma bai dawo duka ba, ƙaramin yatsan har yau a lanƙwashe yake. Ma'aikaciyar asibiti ta yi dariya da ta ji labari, ta ce ya haɗa da gashi da gem, kada ya saki ko ɗaya. Da kaka ta yi Abdulwahab ya zo da buhun gero, ya tarar da shi a rumfa riƙe da sukundireba, ya sauke buhun bai tayar da maganar komawa ba.

Raihana ce ta bincika a waya ta gano abin da duk Jahun ba ta sani ba. Ɗan ramin da ke gaban injin na memori ne, kuma tsohuwar bakin rijiya ba gaisuwa take yi ba. Duk shekarun nan tambaya take ko a ajiye musu inda suka tsaya. Misbahu ya samo memorin a Kano, ya kawo da murna, ya ce yanzu sai sun ga bayan dodo.

Barau ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya juya ɗan abin a tafin hannunsa, sannan ya miƙa wa Misbahu.

"Kai wa 'ya'yanka su ga ƙarshen, su zo su ba ni labari. Da mun san da wannan tun farko, sau ɗaya zan tsallake gadar nan, yau da me yatsan zai tuna?"

Ladan ya kira la'asar. Barau ya miƙa hannun dama ya kashe injin.