Ranar da Falmata Ta Kushe Hular Oga

Ranar da ba ta fita raina a aikin nan ita ce ranar da wata yarinya ta tozarta oganmu, muka yi ta hamdala.

Lokacin ina ƙaramar ma'aikaciya a wani ɗakin kula da yara a Gyaɗi-Gyaɗi. Aikinmu, ga wanda bai sani ba, shi ne mayar da yaron da tashin hankali ya firgita kan harkokinsa na kullum: riƙe cokali, sa maɓalli, wasa da tsara. Falmata shekararta tara. Kakarta ce ta gudo da ita daga Borno bayan an kashe mahaifinta a gabanta, suka raɓe a Unguwar Gano. Wata huɗu ina ba ta yumɓu da fensir mai kala, ko kallo ba su ishe ta ba. Ba ta magana, hannunta kullum rawa.

Ƙa'ida ita ce, yaron da bai ci gaba ba, oga zai duba shi ya tura shi asibitin ƙwaƙwalwa. Kakar kuwa ta rantse in aka kai ta can, sun daina zuwa ko'ina.

Ranar duba Falmata, oga ya shigo, babbar riga na ƙamshi, ga sabuwar hula da ya yini yana gyara mata zama. Ya durƙusa yana yi wa yarinya Turanci, wai ta gina gida da katako. Ta ƙura wa kansa ido, can ta ce, "Baba, an cuce ka. Ɗinkin inji ne."

Fayil ya suɓuce min. Oga ya ce, "Sista, me ta ce?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ta ce hularka jabu ce."

Ya cire ya miƙa mata. Ta juya cikin, tana nuna masa zaren: "Babana ba ya haka." Ashe mahaifinta maɗinkin hula ne, ita ke zura masa zare a allura.

An hana mu ba yara abu mai tsini, amma washegari oga da kansa ya kawo allura. Ta yi kuka sosai kafin ta taɓa. Da ta fara ɗinki, rawar hannun ta ragu.

Ku sababbin ma'aikata, kafin ku zube wa yaro kayan wasanku, ku tambayi abin da hannunsa ya saba yi a gida. In kuma ya zage ku, ku rubuta a fayil: an samu ci gaba.