Ƙarfen Malam Mordecai

Malam Mordecai malamin firamare ne a Samaru, kuma wakilin ƙungiyar malamai a makarantarsu. Duk labarin da ya fito daga ofishin ƙungiya a Sabon Gari, a kan tsohon kekensa yake isowa.

Makarantar ba ta da ƙararrawa, sai ƙarfen tayar mota da aka rataye a bishiyar mangwaro. Ranar da aka shiga yajin aiki, da hannunsa ya kwance ƙarfen ya kai gida, don kada a buga a bayan idonsa.

"Kwana kaɗan ne, ku yi haƙuri," ya ce wa iyayen yara.

Amma magana ta ƙi ƙarewa. Yaran ajinsa suka watse, wasu talla, wasu gareji. Folasade, wadda ta fi kowa ƙwaƙwalwa, ubanta ya kai ta koyon ɗinki a Chikaji. Mordecai ya bi shi har gida, ya durƙusa yana roƙo.

"Malam, kai ka rufe ƙofa," in ji uban. "Mai ɗinki ba ta yajin aiki."

Da aka janye yajin, tun da sassafe Mordecai ya mayar da ƙarfen. Ya buga, ya buga, har hannunsa ya yi tsami, filin makaranta fayau. Can sai ga wani mai sayen gwangwan ya leƙo da kurarsa.

"Malam, ƙarfen nan na sayarwa ne?"