Ranar da Aka Jefi Mai Karatu da Alewa

Ina da shekara goma sha ɗaya lokacin da Baba ya dawo daga ofishinsu na jami'a da ke unguwar Kongo da katin gayyata. Wani malamin jami'a ne, Bayahude daga Amurka, wanda suke aiki tare, zai yi wa ɗansa bikin cika shekara goma sha uku. Baba ya ce a addininsu ranar ce yaro ke shiga sahun manya, kuma da ni za a je.

Inna ta zaunar da ni a tsakar gida tana yi mini kitso tana jero gargaɗi. "Ki durƙusa ki gaida kowa. Kada ki ƙura wa mutane ido. In an ba ki abu, da hannu biyu. In kuma an fara ibadarsu, ki kama bakinki."

Ranar Asabar da hantsi muka isa gidan malamin. Falon ya cika da baƙi daga Kaduna da Legas, mazan kowa da 'yar ƙaramar hula a tsakiyar kai. Yaron ya miƙe, an yafa masa farin mayafi mai geza. Ya buɗe littafi ta ɓangaren dama kamar yadda muke buɗe namu, ya fara rera karatu yana ɗan rausaya. Na dubi Baba da mamaki, ya yi mini alama in natsu. Sau biyu yaron ya sarƙe, mahaifinsa ya ɗora shi a hankali.

Yana rufe baki sai na ga abu ya wuce ta gefen kunnena ya same shi a kafaɗa. Sai wani, sai wani. Manya da yara, har da mahaifiyarsa, kowa jifa yake yi, shi kuma ya kare fuska da hannu. Na ɗauka horon kuskuren da ya yi ne. Ban san sanda na miƙe ba.

"Ku bari! Ai sau biyu kawai ya ɓata!"

Kowa ya juyo yana kallona. Baba ya jawo ni, ya fassara musu abin da na ce, sai wuri ya kaure da dariya. Mahaifiyar yaron ta zo ta tsuguna a gabana, ta buɗe tafin hannunta. Alewa ce. Da 'yar Hausarta ta kasuwa ta ce, "Don rayuwa ta yi masa zaƙi. Jefa ke ma."

Na karɓa, amma hannuna ya ƙi ɗagawa. Ta yaya zan jefi wanda ya gama karanta littafin Allah? Na taka har gabansa, na rusuna, na sa masa a hannu. Fuskarsa ta yi ja, ya ce na gode.

Da muka koma cikin gari na kwashe labari na gaya wa Kaka. Ta riƙe haɓa.

"Har da uwar tasa?"

"Har da ita, Kaka."

"Ikon Allah. Bai dai ji ciwo ba?"

Washegari ta sa aka soya alkaki cike da kwano, ta ba Baba ya kai wa yaron. Ta ce a faɗa masa tukuicin karatu ne, daga wata tsohuwa.