Layin Tsutsar Doka

Sana'ata dillancin hatsi, amma kafin daji ya gagari shiga ina haɗawa da zuma da kaɗanya da gidan tsamiya. Gidan tsamiya saƙar wata tsutsa ce mai cin ganyen itacen doka. Idan sun ƙoshi sai su taru su yi saƙa wuri ɗaya, su kwanta a ciki har su fito da fukafukai, farare masu zane, irin waɗanda ke zuwa wajen fitila. Matan ƙauye ke dafa saƙar da toka su kaɗa zare, ni kuma in kai wa masu ɗinkin babbar riga a Zariya. Na daɗe ina wannan ciniki, amma tsutsar kanta ban taɓa tsayawa na dube ta ba.

Mahaifiyata tana cikin masu kaɗin. Da 'yan bindiga suka tashi ƙauyenmu, can bayan Gayam, na ɗauko ta na kawo gidana a cikin gari. Ba ta taɓa ƙorafi ba. Tana zama a tabarma da hannu a cinya, yatsunta suna murza iska kamar akwai mazari a tsakaninsu. Wata damina sai ta gaya mini, kamar mai ba da labarin farashin gishiri, cewa ta shirya da ɗan ƙanwarta mai babur zai mayar da ita gida idan an yanke gero.

Na ce, "Inna, babu kowa a can."

Ta ce, "Akwai ubanka."

"Ubana yana cikin ƙasa."

"To, ni ma ai ban ce sama zan hau ba."

Na san ta. Idan na hana ta babur, da ƙafa za ta tafi. Sai na yi lissafi irin nawa, cewa mutumin da ke da aiki a hannu ba ya saurin tashi. Akwai wata Bafilatana da ke kawo mana nono, mijinta yana kiwo a bakin daji. Na ce ta sa a karyo mini reshen doka mai tsutsa.

Ta yi dariya ta ce, "Alhaji, kowa yana neman maganin tsutsa, kai kana neman tsutsar. Ko miya za a yi?"

Ta dai kawo, a ƙwarya, an rufe da faifai. Ta ce kada in taɓa da hannu, gashinsu yana sa ƙaiƙayi.

Na kwashe buhuna daga ɗakin ajiya, na wanke shi saboda warin maganin ƙwari, na jingina reshen a tulu mai ruwa. Ganye kuwa masu itace ke kawo mini kowace safiya. Inna ta ƙi leƙawa. Ta ce ita ba ta taɓa ganin an yi turken tsutsa kamar akuya ba.

Abin da ya fara damuna shi ne ƙarar. Da tsakar rana, sama tas babu hadari, sai ka ji yayyafi a cikin ɗakin. Cinsu ne, da kashinsu da ke zuba a ƙasa. Matata ta sha fitowa da gudu ta kwashe shanya, sannan ta tsaya tana kallon sama. Idan na buɗe ƙofa kuma sai ƙarar ta ɗauke gaba ɗaya, dukansu su ɗaga kai a tare su tsaya cik suna fuskantata. Ba su da idon da zan gani, amma na kan samu kaina ina sallama kafin in shiga. Kajin gidan, waɗanda ko kunama ba sa bari, idan tsutsa ta faɗo bakin ƙofa sai su zagaye ta su wuce.

Daga kan tabarmarta Inna ta riƙa jefo mini ka'ida ba tare da ta dube ni ba. Ta ce idan sun ƙoshi za su daina ci su sauko a layi, kan wannan a bayan wancan, suna neman wurin saƙa. A nan ake ɗibarsu a rufe a ƙwarya, don a duhu zarensu yake fita fari. Ta ce a ɗiba daga baya, a bar na gaba su tafi. Na ɗauka wannan maganar barin iri ce kawai, kuma iri ko daga ina aka bar shi iri ne.

Sun sauko ana gobe ranar da mai babur zai zo, Inna ta tafi gaisuwar rasuwa a maƙwabta. Na gan su sun fito ta ƙarƙashin ƙofa sun miƙe a tsakar gida, layi ɗaya kamar igiya mai numfashi, sun nufi rariya ta yamma. Na ɗauko kara da ƙwarya. Duk wanda ya yi awo a kasuwa ya san mai kyau ake fara ɗauka, kuma na gaban su ne manya masu ƙiba. Na kwashe su na rufe.

Wanda ya zama na gaba ya tsaya yana kaɗa kai hagu da dama. Na bayansa duk suka tsaya. Sai ya lanƙwasa ya bi gefen turmi, ya zagayo, ya ci karo da bayan na ƙarshe, ya manne masa. Daga nan layin ya rufe. Suka shiga zagaya turmin, babu na gaba babu na baya.

Aka kira azahar suna zagaye. Aka kira la'asar suna zagaye. Ƙasar da suke bi ta fara sheƙi saboda siririn zaren da kowa ke bari. Babu sauri, babu tsayawa. Matata ta ɗauki dakanta ta tafi da shi maƙwabta.

Inna ta shigo ta tsaya da sandarta ta daɗe tana kallo.

Ta ce, "Wa ya cire musu kai?"

Na nuna mata ƙwaryar.

Ta ce, "Kai ko jana'iza aka ba ka sai ka zaɓi mai ƙiba." Ta jawo kujera ta zauna a gefen turmin.

Da safe na tarar da ita a wurin, su ma suna nan. Sun rage gudu, wasu sun kife a gefe, sauran sun cike gurbinsu sun ci gaba. Ta sa tsinke ta raba su, suka sake haɗewa. Ana cikin haka babur ya tsaya a ƙofar gida, ɗan ƙanwarta ya shigo yana cewa a yi sauri kafin rana ta yi, don hanyar ba a bin ta da yamma.

Inna ba ta ɗaga kai ba. Ta buɗe ƙwaryata, ta laluba da tsinke, ta ciro ɗaya wanda bai fara saƙa ba. Ta share zaren ƙasa da yatsa a wuri ɗaya, ta ajiye shi a gaban gurbin tana fuskantar da shi waje. Ya tsaya. Muka tsaya. Sai ya miƙe, na bayansa ya taɓa shi ya bi, da'irar ta fara warwarewa a hankali.

Ɗan ƙanwarta ya ce, "Inna, rana fa tana yi."

Ta nuna ni da tsinke ta ce masa, "Je ka. Idan na bar su hannun wannan, ko zaren ɗinke wando ba za a samu ba. Ka duba mini ko rufin ɗakina yana nan."

Ya dawo kafin la'asar. Ya ce ciyawa ta fi tsayinsa a tsakar gida. Ya ce dokokin bayan gari duk an cinye ganyensu, gidajen tsamiya suna rataye a jiki babu mai tsinka. Rufin yana nan. Ya tura ƙofar ɗakinta, ya ga saƙa ta sauko daga azara har kan gadonta, curi a kan curi, kuma wani sabon layi yana shiga ta ƙarƙashin ƙofar a lokacin, ya bi ta kan takalminsa ya wuce. Ya ja ƙofar ya rufe, bai taɓa komai ba.

Inna ta saurara har ya gama. Ta ce, "To, ɗakin ya samu masu shi. A bar musu."

Ta ce a ba shi ruwa ya wanke ƙafa, sannan ta juyo ta ce mini in nemo mata tokar karan gero da mazari mai nauyi, kada in sayo na yara. Tana nan gidana har yau.